Ƙananan fai na cuku a gida: kwaɓi ɗaya, haɗi biyu

Duk wadda ta iya mit fai ta riga ta yi rabin aikin nan. Bambancin yana cikin abin da ake cusawa: cuku yana ɗauke da ruwa, kuma ruwan nan ne ke ɓata yawancin fai ɗin da ake gasawa a gida, ko ƙasansa ya jiƙe ko bakinsa ya fashe. Awon da ke ƙasa zai ba ki guda 16 zuwa 18, rabi masu zaƙi, rabi masu yaji.

Cukun da za ki yi amfani da shi

Mafi sauƙi da araha shi ne ki yi naki. Ki ɗora madarar shanu lita 2 a wuta kina juyawa don kada ta kama. Da ta tafaso ki sauke, ki bar ta minti biyu, sannan ki zuba ruwan lemun tsami babban cokali 5 zuwa 6, kaɗan-kaɗan, kina juyawa a hankali. Za ki ga ta tsinke, farin ya rabu da wani ruwa mai ɗan kore-kore. Idan ruwan har yanzu fari ne kamar madara, tsamin bai isa ba, ki ƙara cokali ɗaya. Bayan minti 10 ki juye a ƙyallen tata mai tsabta, ki ɗauraye da ruwan sanyi don tsamin ya ragu, ki ƙulle ki rataye. Lita 2 na ba da kimanin giram 300. Madarar gari ma tana yi, in dai mai cikakken mai ce.

Nan ne ake gaggawa, kuma bai kamata ba. Ki bar shi a rataye aƙalla awa ɗaya, sannan ki danne da wani abu mai nauyi na minti 20. Ki ɗiba ki matsa tsakanin yatsu: ya dunƙule, amma kada ruwa ya fito. In ya fito, bai yi ba tukuna.

Cukun Fulani ɗanye, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya, yana shiga sosai. Ki tafasa shi a ruwan gishiri minti 5, ki tsane, ki marmasa. Busasshen cukun Nijar kuwa, wanda ake yi fale-fale, ya yi tauri da yawa shi kaɗai. Ki daka kaɗan ki jiƙa da madara mai ɗumi, ki haɗa da mai laushi don ƙamshi. Waɗannan duka ba sa narkewa a wuta. Mai son cuku mai jan zare sai ya ƙara mozarela ko ceda na kanti, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na haɗin, domin shi ne ke narkewa ya nemi hanyar fita.

Kwaɓi

Fulawa giram 250 (kofi 2), bota mai sanyi giram 125, gishiri rabin ƙaramin cokali, bekin hoda rabin ƙaramin cokali, ruwan sanyi babban cokali 4 zuwa 5. Babu sukari a ciki, don haka kwaɓin nan zai yi wa haɗin biyu.

Ki tankaɗe fulawa da gishiri da bekin hoda. Ki yanka bota ƙanana ki zuba, ki murtsuka da kan yatsu har ya yi kamar garin kwaki, da ɗan burbushin bota nan da can. Burbushin nan ki bar shi, shi ne zai narke a wuta ya bar ɓawon da garas-garas. Ki zuba ruwa cokali-cokali kina tattarawa. Da ya haɗe ki tsaya. Ba kwaɓin burodi ba ne. Yawan murza shi na sa ya yi danƙo, ya riƙa janyewa in kina shimfiɗawa, ya kuma fito da tauri. Ki naɗe a leda ki sa a firij minti 30.

Lokacin zafin Maris da Afrilu bota na narkewa tun kafin a gama, sai kwaɓin ya yi maiƙo. Ki yi aikin da sassafe, in babu wutar lantarki ki sa botan da ruwan a kula mai ƙanƙara. A hunturu matsalar ta juya: kwaɓin na bushewa ya tsage, sai ki riƙa rufe shi da ƙyalle mai ɗan laima.

Haɗi biyu

Na zaƙi: cuku giram 150, sukari babban cokali 2, gwaiduwar ƙwai 1, garin kastad ƙaramin cokali 1, da gurzajjen ɓawon lemun tsami ɗaya. Kastad ɗin ba don ɗanɗano ba ne, yana shanye ruwan da sukari ke jawowa daga cukun. Saboda wannan dalili, kada ki haɗa ki ajiye. Ki haɗa daidai lokacin cusawa. Yankakken dabino guda 4 yana iya maye gurbin rabin sukarin, kuma a ganinmu ya fi zuma dacewa, don zuma na sa haɗin ya yi ruwa.

Na yaji: cuku giram 150, albasa ƙarama ɗaya, attaruhu ɗaya, lawashi kaɗan, gishiri da masoro. Ki soya albasa da attaruhun a ɗan mai har ruwansu ya ƙone, ki bari su huce sarai. Ɗanyar albasa na sakin ruwa a ciki, haɗi mai zafi kuma na narkar da botan kwaɓi.

Naɗi da gashi

Ki barbaɗa fulawa, ki murza kwaɓin ya kai kaurin milimita 3. Ki yanka da bakin kofi mai faɗin santimita 9. A tsakiyar kowanne ki sa babban cokali ɗaya a shafe, ba a tule ba. Ki shafa farin ƙwan da ya rage a gefen, ki ninke, ki matse iskar ciki waje, ki danne bakin da cokali mai yatsu, sannan ki huda saman sau biyu don tururi ya fita. Wanda ba a huda ba shi ke kumbura ya fashe. Ki shafa kaɗaɗɗen ƙwai a kai. Masu yaji a yayyafa musu riɗi ko habbatus sauda, masu zaƙi sukari kaɗan, don a rarrabe su a faranti.

Ki kunna oben minti 15 kafin ki sa, a kan digiri 190 na ma'aunin Celsius. Su gasu minti 20 zuwa 25. Kada ki yarda da launin sama kawai. Ki ɗaga ɗaya ki duba ƙasa, in fari ne ki ƙara minti 5. Oben da bai yi zafi ba na sa bota ya tsiyaye kafin kwaɓin ya kama jikinsa.

In babu oben, ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri kaurin yatsa biyu a babbar tukunya, ki ɗora waya ko murfin gwangwani a kai, ki rufe ta yi zafi minti 10. Ki sa farantin fai ɗin a kan wayar, wuta matsakaiciya, minti 30 zuwa 35. Tunda zafin daga ƙasa yake zuwa, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin a minti 10 na ƙarshe don saman ya yi ja. Masu zaƙi sun fi saurin ƙonewa.

Ki kwashe su kan waya su huce, kada ki sa a leda ko a cikin kula suna da zafi, gumi zai sa su yi laushi. A waje a ci su a ranar. A firij suna kai kwana 3, a ɗumama a busasshen kasko da wuta kaɗan. In don baƙi ne, ki naɗa su ɗanyu ki daskarar a firiza, ranar buƙata ki gasa kai tsaye ki ƙara minti 5 a kan lokacin.