Yadda za ka gano wanda ya rubuta labarin Batman da ire-irensa

Idan kana son bin tarihin marubutan labaran zane na jaruman Amurka, kada ka tsaya ga sunan da aka buga a shafin farko. Ni ma shekara da shekaru na yi ina cewa Bob Kane ne kaɗai ya ƙirƙiro Batman, don sunansa nake gani. Ashe akwai marubuci Bill Finger, wanda aka haifa a Denver a 1914, ya rasu a New York a 1974 hannunsa babu komai. Da shi zan nuna maka hanyar.

Fara da mujallar da jarumin ya fara fitowa a ciki. Batman ya ɓulla ne a Detective Comics ta 27, a 1939. Amma ka lura, mujalla takan fito kasuwa wata biyu ko uku kafin watan da ake bugawa a bangonta. Bangon nan Mayu ya ce, alhali tun ƙarshen Maris take hannun masu karatu.

Daga nan ka tambayi kanka, wa ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani? Nan gizo ke saƙar. Kane ne ya je ya yi ciniki, aka amince sunansa kaɗai zai riƙa fitowa. Finger kuwa ɗan ƙwadago ne a bayan fage. Haka zamanin yake. Jerry Siegel da Joe Shuster ma, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, dala 130 aka ba su a 1938 suka rabu da shi.

Wurin da na fi so shi ne neman tambarin hannun marubuci a cikin labarin kansa. Zanen farko na Kane mutum ne da jajayen kaya, ɗan ƙyalle a ido, da fukafukai masu tauri. Finger ne ya ce a rufe kan da hula mai kunnuwa, a sa mayafi, a duhunta kayan, a bar idanu farare fat. Shi ya raɗa sunan Bruce Wayne da birnin Gotham. Yana da son sa jarumai su yi faɗa a kan manya-manyan kayayyaki, kamar ƙatuwar keken rubutu da mutum zai yi tsalle a kan maɓallanta. In ka ga irin wannan a tsohuwar mujalla, ka yi zargin hannunsa, sai dai zargi ba hujja ba ne, don wasu sun kwaikwaye shi.

Hujjar tana bakin waɗanda suka yi aiki tare da shi. Mai zane Jerry Robinson ya daɗe yana ba da shaida, har ya assasa lambar yabo da sunan Finger a 2005. Kane kansa ya amsa a 1989 cewa abokin nasa ya cancanci a ambace shi. Ka gwama maganar kowa da ta wani, ka kuma duba shekarar da ya yi ta.

In ka koma kamfanin mujallun zane na Marvel a shekarun 1960, sai ka sake lissafi, domin can mai zane irin Jack Kirby ke shimfiɗa labari a hoto, Stan Lee ya zuba zance daga baya.

Sai a 2015 kamfanin DC, mai buga Batman, ya yarda a riƙa sa sunan Finger kusa da na Kane, shekara 41 bayan rasuwarsa. Duk bugun da ya riga wannan shekarar, ka riƙe fensir, ka ƙara sunan da kanka.