Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sauya Matakan Ƙafa na Babur ɗin Ƙanƙara

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, irin su Kanada, Alaska, arewacin Amurka, Suwidin, Norwe da Finlan, babur ɗin ƙanƙara abin hawa ne na aiki da na nishaɗi. Ba shi da tayoyi: sanduna biyu masu sulɓi ne a gaba, sai faffaɗan bel na roba mai haƙora da ke tura shi daga baya. Tun da kamfanin Joseph-Armand Bombardier ya fitar da irin wannan babur mai suna Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kwebek a 1959, fasalinsa ya sauya ƙwarai, amma har yau mahayi yana ɗora ƙafafunsa ne a kan dogayen faranti biyu da ke manne a gefen gangar jikin babur ɗin. Su ne matakan ƙafa. Bel ɗin yana watso dusa a kansu, dusar ta daskare, takalmi ya rasa abin kamawa, shi ya sa masu hawa da yawa ke cire na asali su sa waɗanda wasu ƙananan kamfanoni ke ƙerawa, masu manyan ƙofofi da haƙoran riƙe takalmi. Aikin yana da amfani idan an yi shi daidai, sai dai akasarin ɓarnar da ake yi tana fitowa ne daga fahimta guda: ana ɗaukar matakin a matsayin kayan ƙawa, alhali kuwa yana cikin ƙashin bayan babur ɗin.

Gangar jikin da bel ke juyawa a ƙarƙashinta siririn farantin alminiyam ne da aka lanƙwasa, kuma matakan ƙafa na daga cikin abubuwan da ke hana shi murɗewa. A samfurori da yawa, ƙarfen da ke ɗauke da shokazoban baya yana haɗe da matakin ko yana dab da shi. Wanda ya yanke tsakiyar mataki ya buɗe manyan ramuka, bai bar isasshen baki ba kuma bai ƙara abin tokara ba, zai ga matakin ya fara lotsawa a ƙarƙashin nauyinsa, musamman idan yana tuƙi a tsaye yana dirowa daga tudu. Daga lotsawa sai tsaga, kuma tsagar takan soma ne daga kusurwar ramin da aka yanka ko daga ramin ribit, wato ƙusar da ke damƙe faranti biyu wuri guda. Gyaran wannan yana farawa tun kafin a taɓa injin yanka. Idan farantin da aka saya irin wanda ake ɗorawa a kan tsohon mataki ne, sai a fara ɗora shi, a zana ƙofofinsa a kan tsohon, a yanke abin da ke cikin zanen kaɗai, a bar bakin waje da aka naɗe yadda yake. Kowace kusurwa a yi mata zagaye, wato a fara huda ta da babban bakin dirila sannan a haɗa ramukan da yanka, domin kusurwa mai tsini tana tara nauyi a wuri guda. Bayan haka a bi bakin yankan da magagari har ya yi sumul. In kuwa tsaga ta riga ta fito, ƙaramin rami a ƙarshenta yakan tsayar da ita na ɗan lokaci, amma sai an ɗora faci na alminiyam a kai kafin a ce an gama.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne huda ba tare da an leƙa abin da ke bayan farantin ba. Akasarin injinan yau da ruwa ake sanyaya su, kuma maimakon lagireto irin na mota, ruwan yana bi ta cikin wasu faranti da ke ƙarƙashin gangar jiki inda bel ke watsa musu dusa. A wasu samfurori, musamman tsofaffi, hanyar ruwan tana bi ta ƙarƙashin matakan ƙafa ko ta bakinsu. Bakin dirila ɗaya da ya zarce ya isa ya zubar da ruwan, kuma mai irin wannan babur da ya cire matakin gaba ɗaya ya cire wani ɓangare na abin da ke sanyaya masa inji, sai ya tarar inji na ɗaukar zafi a kan hanyar da aka daddaɓe, inda dusar da ke tashi ba ta da yawa. Tankin mai kuma yana zaune ne a saman gangar jikin, ga wayoyin fitilar baya da ke bi ta wajen. Abin yi shi ne a ɗaga babur ɗin, a haska ƙarƙashinsa, a bi kowane tiyo da ido daga farko zuwa ƙarshe, sannan a sa wa bakin dirila zoben da zai hana shi wuce ƴan milimita. Idan aka tabbatar ruwa na bi ta matakin, to sai dai a nemi wanda aka ƙera musamman don wannan samfurin, ko a haƙura da ƙaramin faranti mai haƙora da za a ɗora a sama.

Wannan ya kai mu ga batun saye. Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa. Polaris na garin Roseau a jihar Minesota, da Arctic Cat, da Ski-Doo, da Lynx da ake haɗawa a Rovaniemi ta Finlan, kowannensu ya sauya fasalin gangar jiki sau da dama, kuma ko a shekara ɗaya tsawon bel yana bambanta tsakanin babur ɗin hanya da na hawan duwatsu. Mataki da aka yi wa wani zubi ba zai zauna a kan wani ba sai da dole, kuma wanda aka tilasta wa zama yana ɗauke da nauyi tun kafin a taka shi. A duba shekarar ƙira, da sunan zubin gangar jiki, da tsawon bel, a gwada ramukan da ido kafin a cire ko ribit ɗaya.

Akwai kuma zaton cewa gwargwadon girman ƙofa gwargwadon kyan mataki. Ga mai hawan tsaunuka irin na Revelstoke a lardin Birtish Kolambiya, inda dusa ke da zurfi kuma mahayi ke tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan yana tsaye, mataki siriri mai buɗaɗɗun ƙofofi shi ne daidai: dusa na zubewa da taku ɗaya, kuma idan an kwantar da babur a jikin gangare bakin matakin ba ya tokare ƙasa ya ɗaga bel sama. Amma mai tafiyar nesa a zaune a kan shararriyar hanya, ko makiyayi ɗan ƙabilar Sami ta arewacin Turai da ke wuni yana bin garkensa, buƙatarsa dabam ce. Manyan ƙofofi suna barin iska da feshin dusa su taso daga ƙasa su sanyaya ƙafa, kuma siririn mataki yana gajiyar da tafin ƙafa a doguwar tafiya. A ganina, mutane da yawa suna sayen matakin duwatsu ne saboda abin da suka gani a bidiyo, ba saboda ƙasar da suke hawa ba.

Haƙoran riƙe takalmi ma haka suke. Masu kaifi sosai suna cin tafin takalmi, suna yaga wandon sanyi, kuma ranar da ƙafa ta zame ƙwauri ne ke biya. Ɗan goge tsininsu da magagari ba ya rage riƙo yadda ake tsoro.

Batun ribit ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne aikin da ya yi kyau a ido yake lalacewa a hankali. Ribit mai laushi irin na haɗa tagar gida ba zai jure girgizar inji da nauyin mutum ba. Abin da ake buƙata shi ne ribit mai ƙarfi wanda sandarsa ke kullewa a ciki, kuma girman da aka fi amfani da shi a wannan aiki shi ne inci 3/16, kimanin milimita 4.8. Wajen cire tsofaffin, masu gaggawa sukan danna dirila har ramin ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, sabon ribit ya shiga yana rawa, bayan ƴan makonni a ga baƙin gari a kewayen kansa, alamar alminiyam na gugar kansa ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a fara fitar da sandar tsakiya da ƙusa da guduma, a huda kan ribit ɗin kaɗai har ya fita, sannan a tura sauran. Ramin da ya riga ya faɗaɗa sai a kai shi girman gaba, ko a sa wosha ta baya. Tsawon ribit ma dole ya dace da kaurin faranti biyun a haɗe. Kada kuma a fara daga wannan ƙarshe a bi a jere zuwa wancan: a kama matakin gaba ɗaya da maɗaurai na wucin gadi, a tabbatar duk ramuka sun yi daidai, sannan a soma daga tsakiya ana fita waje. Wasu kamfanoni suna haɗa sassan gangar jiki da gam mai ƙarfi bayan ribit, kuma wanda ya ɗauki kurfi ya ɓamɓare irin wannan haɗi da ƙarfi zai lanƙwasa farantin; da zafi kaɗan-kaɗan ake sassauta gam ɗin, bayan an sauke tankin mai, kuma idan za a mayar sai da sabon gam.

Masu son noti maimakon ribit suna da hujja, tunda yana kwantuwa, amma sai a sa mai kulle kansa, in ba haka ba girgiza za ta warware shi. Sannan ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu a wurin da ke da ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, kuma babur da ake ɗauka a buɗaɗɗiyar tirela a kan titunan da ake zuba wa gishiri lokacin hunturu ba ya rabuwa da wannan ruwa. Ɗan man hana tsatsa a jikin noti da wanke babur bayan tafiya suna rage wannan sosai. Walda kuwa ba mafita ba ce ga wanda ba gwani ba, domin alminiyam mai ƙarfi irin wanda ake kira 6061-T6 yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa a kewayen inda wuta ta taɓa.

Abin da ya rage shi ne ƙorafin da aka fi ji, cewa an kashe kuɗi amma ƙanƙara na nan tana taruwa. Sau da yawa laifin na fatar ƙarfen ne. Alminiyam tsirara yana ɗaukar ɗumin gangar jikin babur da sauri, dusa ta narke a kansa, ta sake daskarewa ta manne, abin da ya fi faruwa idan sanyi yana kusa da digiri 0 kuma dusar na da laima. Fentin gari da ake gasawa a wajen digiri 200 yana sa dusa ta riƙa sulɓewa, shi ya sa mataki mai wannan fenti ya fi wanda ba shi da shi, ko da ƙofofinsu ɗaya ne. Fentin gwangwani ba ya maye gurbinsa, takalmi zai kankare shi cikin ɗan lokaci. Kuma duk kyan mataki, idan aka bar dusa ta kwana a kai za ta zama dutse kafin safiya, don haka a kakkaɓe ta da zarar an tsaya, da ƙafa ko da gudumar roba, ba da ƙarfen da zai fasa fenti ba. Bayan fita ta farko a sake duba kowane ribit da kowace kusurwa, a leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon ruwan inji. Mai sabon babur kuwa ya karanta sharuɗɗan garanti tun kafin ya yanka, domin kamfani na iya ƙin ɗaukar nauyin tsagar da ta samo asali daga sauyin da mai shi ya yi da hannunsa.