Darasi: Wakili da Maigidansa a Harkar Ciniki

Wakili shi ne mutumin da wani ya ba izinin saye ko sayarwa ko ƙulla yarjejeniya da sunansa. Dillalin hatsi a kasuwar Dawanau, da yaron shago a Kantin Kwari, da wanda ake tura wa kuɗi ya sayo shanu a Maigatari, duk wakilai ne, ko da ba a taɓa rubuta musu takarda ba. Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi wakala, kotunan Najeriya kuma sun gaji nasu ƙa'idojin daga dokar Ingila, amma a kan tushen magana bakinsu ɗaya ne: abin da wakili ya ƙulla cikin iyakar izininsa, tamkar maigidansa ne ya ƙulla da kansa.

A ce manomi ya kai wa dillali buhun wake 20, ya ce kada a sallama ƙasa da naira 80,000 kowane buhu. Idan dillali ya sayar a haka, ciniki ya faɗa, kuma manomin ba shi da ikon warwarewa don kawai kasuwa ta tashi washegari. Idan kuwa ya sayar a 70,000, to ya ƙetare iyaka, sai mai kaya ya zaɓa, ko ya amince da cinikin ko ya bi dillalin ya cika masa giɓin. Amincewa bayan an gama ciniki tana da asali, domin Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin, Annabi ya yi masa addu'ar albarka.

Inda 'yan kasuwa suka fi yin sakaci shi ne wajen sallamar yaro. Idan abokan ciniki sun saba ganinsa yana karɓar kuɗi yana yanka rasit, sannan maigida ya kore shi a asirce bai sanar da kowa ba, duk wanda ya biya yaron bashi cikin rashin sani yana da hujja mai ƙarfi a gaban alƙali, kuma sau da yawa asarar a kan maigida take faɗawa. Don haka ranar da aka raba gari, ranar ake karɓe littafin rasit da hatimi, a kuma kira manyan abokan hulɗa a shaida musu.

Shi kuma wakili, dukiyar da ke hannunsa amana ce. Haƙƙinsa shi ne la'adar da aka yanka masa, ba wani ƙari da zai ɗora a ɓoye ba, al'adar da ta yi yawa a kasuwanninmu har wasu sun ɗauke ta wayo. Kada ya sayar wa kansa kayan ba da sanin mai su ba, kada ya cuɗanya kuɗin da nasa, kuma duk lokacin da aka nemi lissafi ya kawo shi dalla-dalla.

Wakilci yana ƙarewa idan aikin ya kammala, ko maigida ya janye izini, ko ɗayansu ya rasu ko ya sami taɓin hankali. Idan abin ya shafi sayar da fili ko gida, kada a tsaya ga maganar baki. A sa lauya ya rubuta takardar wakilci, a fayyace farashi da wa'adi, a sa hannu gaban shaidu.