Kurakuran da aka fi yi wajen sayar wa ɗan'uwa ko aboki gida

Yawancin rikicin gida da na gani tsakanin 'yan'uwa, waɗanda suka yi cinikin ba su ne suka yi shari'ar ba. 'Ya'yansu ne, bayan an binne iyayen. Mai sayarwa ya ce "na sallama, Yaya", mai saye ya ce "Allah ya sa albarka", aka tashi ba ko takarda, domin kowa yana jin kunyar ya ambace ta. Kunyar nan ce uwar kurakuran.

Mutane suna ganin neman takarda a wurin ɗan'uwa rashin yarda ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi, su kafa shaidu. A rubuta sunayen masu ciniki, unguwa, iyakokin gidan ta fuska huɗu, kuɗin da aka yanke, abin da aka biya da abin da ya rage. Shaidu kuma kada su zama 'yan gida ɗaya kaɗai, don ranar da rigima ta tashi kowa zai bi ɓangarensa. A sa maƙwabta, a kai wa mai unguwa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Sai farashi. Da yake ba dillali, ba la'ada, sai a ce "ka ba da abin da ya sauwaƙa". Bayan shekara mai gida ya ji an sayar da kangon da ke kusa da nasa ninki biyu, zuciya ta fara ƙuna. Gyaran mai sauƙi ne: a kira dillalai biyu ko uku na unguwar su yi wa gidan kuɗi, a ba su na wahalarsu. In ka ga dama ka rage wa ɗan'uwanka, amma ka san nawa ka rage, shi ma ya sani, a kuma rubuta cewa rangwame ne.

Inda na fi tausaya wa masu sayarwa shi ne biya kaɗan-kaɗan ba tare da wa'adi ba. A ba da kafin alƙalami, a karɓi makulli, sauran kuwa "in Allah ya hore". Wanda ya yi irin wannan ciniki a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,500. Cikon da yake jira ya sayi fili da shi ya koma ko rabin filin ba zai saya ba. Kuma ba shi da damar ƙara wa mai saye kuɗi saboda jinkiri, domin wannan riba ce irin wadda addini ya haramta, wato kuɗin ruwa. Tun ranar ciniki ake tsayar da magana: wata nawa, nawa a kowane biya, me zai faru in an saɓa. Ya halatta farashin ajali, wato na biya daga baya, ya fi na kuɗi hannu, muddin an yanke guda ɗaya kafin a tashi. Kuɗin su bi ta banki domin a sami shaida, kuma asalin takardun gida su zauna a hannun mai sayarwa ko wani amintacce har a cika.

Gidan gado kuwa, kada ka sayar da ɗaki ko sashe kafin a raba. Babban wa ba shi da ikon sallama rabon ƙannensa mata ko na marayu don kawai shi ne babba. Ko rabonka ne za ka sayar wa aboki, a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarka a gidan da ba a raba ba suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya abin da mai saye ya biya su karɓe. Ka fara yi musu tayi a gaban shaidu.

Akwai kuma wanda zai ɓoye cewa gidan yana jingine, ko akwai 'yan haya da suka biya kuɗin shekara, ko katangar baya tana jiƙa duk damina, yana ganin ai na gida ne, zai yi haƙuri. Ka faɗa wa mai saye tun kafin ya biya.

Da yawa suna tsayawa a takardar mai unguwa, gidan ya ci gaba da zama da sunan tsohon mai shi a wurin hukuma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce gidan da yake da takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba a mayar da shi hannun wani sai da amincewar gwamna. Ana bi ne ta ofishin rajistar filaye na gwamnati: a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja kuwa AGIS, inda ministan birnin tarayya ne yake amincewa a madadin gwamna. Mai saye ya je ya bincika fayil ɗin kafin ya biya, lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a kuma amince tun farko wa zai ɗauki kuɗin canja suna. A yi shi mai sayarwa yana raye, don in ya rasu, sa hannun da mutum ɗaya zai yi ya koma sai an bi magadansa ɗaya bayan ɗaya.