Yadda na daina ɓarin fetur a injin yanke ciyawa

Saura kaɗan in ƙona hannuna wallahi. Mai ya ƙare ina tsakiyar aiki, sai na kashe injin na ɗauko jarka na hau zubawa kai tsaye ba mazurari ba komai, fetur ya gangaro ya taɓa salansa mai zafi, ƙarar cuuu da tururin da ya tashi su suka sa na ja da baya da gudu. Allah ne ya tsare bai kama ba.

Yanzu in na kashe shi sai na bar shi ya huce tukuna, in ajiye a ƙasa a fili inda iska ke kaɗawa, in goge datti a bakin tanki, in buɗe murfin a hankali saboda iskar da ta taru ta fita. Ina sa mazurari kuma ba na cikawa maƙil, fetur yana kumbura da zafi.

Injin nawa irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, 50:1, wato baƙin mai mililita 100 a fetur lita 5, a jarka nake haɗawa in girgiza.

Kafin in ja igiya sai na goge abin da ya zube, na matsa kamar mita 3 daga wurin.