Kurakuran da ke kashe Oculus DK1 a hannun sababbin shiga

Duk matashin da ya shigo ɗakin aikina a Samaru, Zariya, ya ga tabarau ɗin Oculus Rift DK1 a kan tebur, wato na'urar da ake sawa a fuska a ji kamar an shiga cikin duniyar kwamfuta, hannu yake fara kai masa kafin ya yi tambaya. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ku fara sanin abin da kuka riƙe. A 2012 Palmer Luckey, wanda ya ƙirƙiro ta, ya nemi tallafi a Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, ya tara kusan dala miliyan 2.4, aka fara raba na'urar a 2013 a kan dala 300. Don masu rubuta manhaja aka yi ta, kuma tuni aka daina ƙera ta. Abin da ya lalace a jikinta, ko ka zaga PZ da Sabon Gari ba za ka samu ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na adafta. Tsakanin tabarau da kwamfuta akwai ɗan akwati mai ramin HDMI da DVI da USB da na wuta. 5V kawai yake ɗauka. Wani dare aka ɗauke wuta, na tada janareto, ina lalube a ƙarƙashin tebur na jawo adaftar wata na'ura mai 12V. Bakin ya shiga daram, kamar don shi aka yi. Ban ankara ba sai warin ƙuna. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Abin takaicin, wayar da ta taho daga tabarau a manne take da akwatin, ba a cire ta, don haka ba batun sake akwati kawai ba ne. Watanni na yi ina neman wani na hannu daga waje. Kuma har yau ina ganin yara suna cewa "ai ya shiga, Malam". Shiga ba shi ne dacewa ba! Karanta rubutun da ke bayan adafta kafin ka jona. Ni yanzu jan salatif na naɗe wa tawa, ba mai jona ta sai ni, kuma ba na jonawa sai janareto ya daidaita.

Na biyu, rana. Ruwan tabarau ɗin nan tattara haske yake yi, kamar gilashin da muke ƙona takarda da shi a firamare. Ka ajiye shi kusa da taga, fuskarsa na kallon ranar Zariya ta watan Afirilu, sai ka tarar da tabo a allo, tabon da ba ya gogewa. Ka gama, kife shi, mayar da shi jakarsa. Haka kuma kada ka cire ruwan tabarau a fili lokacin hunturu. Kashi uku ne, A na mai lafiyar ido, B da C na wanda ba ya ganin nesa. Kana cirewa ƙura ta faɗa kan allon, ƙwaya ɗaya ta koma kamar dutse a idonka. Rufe ƙofa da taga nake yi, in kashe fanka, sannan in sauya.

Sai masu leƙe. DK1 juyawar kai kaɗai ya sani: dama, hagu, sama, ƙasa, karkatawa. Ka matso gaba ko ka sunkuya, hoton da kake gani ba ya sauyawa daidai da motsinka, nan take jiri da tashin zuciya su taso. Sai a DK2, samfurin da ya biyo baya a 2014, aka ƙara kyamarar da ke bin matsayin kai. Zauna a kujera, minti goma ya ishe ka a ranar farko. Kai mai rubuta wasa kuma, idan kwamfutarka ba ta iya ba da hoto 60 a daƙiƙa, rage ado, kada ka sa mutane amai.

Daina cewa allon ya lalace don kana gani kamar ta cikin gidan sauro. Inci 7 ne, 1280×800, kowane ido ya ɗauki rabi. Haka aka yi shi.

Kada ka goge gilashin da bakin riga.

Sabuwar manhajar Oculus ba ta san DK1 ba, nemi tsohuwa, 0.8 ko ƙasa da haka. Kuma ka auna tazarar da ke tsakanin idanunka ka shigar, ba ka yi aiki da ma'aunin wanda ya sa kafin kai ba.