Yadda ake auna manhajar haɗa kiɗa ta kyauta kafin a sayi ta kuɗi

Matasan Jos da dama, daga Unguwar Rogo zuwa Titin Bauchi, sukan fara haɗa kiɗa a ƙaramar kwamfuta da manhajar da suka sauke kyauta, kuma yawanci ba sa gane inda ta gaza sai ranar da mawaƙi ya tsaya gaban makirfo. Ana iya gano wannan tun da wuri.

Da farko, a tantance irin kyautar, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Audacity da LMMS kyauta ne har abada, sai dai kowacce rabin aiki take yi: Audacity ta ƙware a ɗaukar murya da yanke ta amma ba a tsara kiɗa da kayan kiɗan cikin kwamfuta a kanta, LMMS kuwa tana tsara kiɗan amma ba ta ɗaukar murya daga makirfo. GarageBand tana yin duka biyun, to amma sai a na'urorin Apple. Akwai kuma na gwaji, kuma nan ne aka fi shan mamaki: FL Studio ta gwaji takan bari a haɗa kiɗa, a fitar da shi a WAV ko MP3, har a adana aikin, sai dai ba za ta sake buɗe abin da aka adana ba sai an biya.

Daga nan a ɗauki takarda a ƙirga layukan sautin da waƙar take buƙata (kowace murya ko kayan kiɗa da layinsa daban a cikin manhaja), wanda a ganina shi ne matakin da ya fi muhimmanci. Waƙar Hausa ta zamani tana cin layi: muryar mawaƙi, maimaicinta don ta yi kauri, 'yan amshi biyu ko uku kowa da layinsa, ganga, kalangu, fiyano, bas da sarewa. Kafin a ankara an kai goma. Ableton Live Lite, wadda ake bayarwa tare da wasu akwatunan sauti masu haɗa makirfo da kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett, layi 8 kawai take yarda da shi, haka ma Pro Tools Intro layin murya 8 ne iyakarta. Dabarar ita ce a gama daidaita ganguna, a dunƙule su cikin fayil ɗaya, a dawo da shi a layi guda. Asarar ita ce idan daga baya mawaƙi ya ce kalangu ya danne masa murya, ba a iya rage shi shi kaɗai, don haka a ajiye kwafin aikin kafin dunƙulewar.

Sai a gwada gyaran murya. Auto-Tune na kamfanin Antares da Melodyne na kuɗi ne, amma akwai MAutoPitch da Graillon da ake samu kyauta, kuma suna bayar da wannan karkarwar muryar da kunnen masu sauraro ya saba da ita. Abin da ba sa yi shi ne kama gaɓa ɗaya da ta kauce a miƙe ta da hannu kamar yadda Melodyne ke yi. A nan sai a sa mawaƙi ya sake rera baitin.

Idan murya tana isowa kunne a makare lokacin ɗauka, kada a yi saurin ɗora wa manhajar laifi, domin galibi matsalar direban sauti ce, wato ƙaramar manhajar da ke sada kwamfuta da na'urar sauti, kuma a Windows wani direba mai suna ASIO4ALL yakan rage ta.

Idan za a kai aikin babban situdiyo don miksin, wato daidaita layukan a haɗe su su zama waƙa ɗaya, a fitar da kowane layi daban a WAV, dukansu daga farkon waƙar, saboda galibi fayil ɗin aikin wata manhaja ba ya buɗewa a wata.

Sai an ga cewa cikas ɗaya ne ke maimaituwa a kowace waƙa sannan a yi maganar saye, kuma a sayi wadda ta magance shi. Bugun Fruity na FL Studio shi ne mafi araha, amma ba ya ɗaukar murya, sai an hau zuwa bugun Producer. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an toshe komai ba, lasisinta na mai ƙaramin aiki kuma dala 60 ne.